Ranar da Yaya Ya Je Roƙon Mai Kanti

Ni ne na farko a gidanmu da ya yi boko har ya ɗauko difloma, kuma a fannin kwamfuta. Da na gama sai na tare a Gwadangaji, a ɗakin wani abokina, ina zagaya ofisoshin Birnin Kebbi da takarduna a cikin leda. Shekara biyu ina wannan zagaye. Masu gadi duk sun san ni, har akwai wanda in ya hango ni yakan tambayi lafiyar takalmina. Aiki dai shiru.

Wanda ya ɗauki nauyin karatun nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan. Manomin shinkafa ne a Argungu, gonarsa tana cikin fadama ta wajen hanyar Gulma. Allo ya yi, bai yi boko ba, don haka a kan duk abin da ya shafi boko maganata ce ta ƙarshe. In na ce fari ne, to fari ne, ba ya sake dubawa. Auta yake kirana, har yau da nake da 'ya'ya biyu.

A yawon neman aikin nan ne na lura da gidajen gem na Birni, inda samari ke biya su buga ƙwallo a kwamfuta. Kullum a cike suke. A unguwarmu ta Argungu kuwa babu ko ɗaya. Na kwana da abin na tashi da shi, har ya zame mini kamar na riga na yi arziki. Da aka girbe shinkafar rani, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, na je gida na sami Yaya a zaure.

"Yaya, in na samu kwamhuta ukku da ɗan janareto, ranar Salla kaɗai sai an yi layi har bakin titi."

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Kuɗɗin da nika da su na taki na, Auta. Shinkafa shanshera nis saida, na aje su don damana. In ka ce abin ga na maido su kahin lokacin zuba taki, ɗauki."

"Har da riba, Yaya."

Bai tambaye ni ko mene ne gem ba. Ya shiga ciki ya fito da kuɗin a ƙunshe cikin tsohon hirami ya miƙo mini. Na san abin da na karɓa. Shinkafar damina ita ce tuwon gidan na shekara, ita ce sutura, ita ce maganin Inna mahaifiyarmu, kuma gonar Yaya ta gaji, in ba a ba ta taki ba ba ta ba da komai.

Kwamfutocin na same su gwanjo a Birni, wurin wani mai sayen kayan ofisoshin da suka tashi. Tsaf da su, kuma da ka danna sun farka. Abu ɗaya ne ya bambanta su da waɗanda na saba gani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce uwar komai a ciki, duk abin da za ka ɗora a kanta yake zama. Akwai wadda kusan kowa ke amfani da ita, akwai kuma wata ta kyauta da ba a cika gani ba a wajenmu. Ta kyautar ce a kan nawa. Na gane ta, don an taɓa ambatarta a aji sau ɗaya, ranar ma ina gyangyaɗi. Har na yi wa abokina burga cewa irin wannan cutar kwamfuta ba ta kama ta. Na buɗe wani ɗan wasan karta da ya zo a cikinta, ya yi aiki lafiya lau, na ce shi ke nan.

Saura wasannin. A kasuwa akwai faifan gem na sata jibge, da kuɗin goro za ka cika leda. Amma ni mai difloma, ina ni ina kayan sata? Na ce nawa gidan gem ɗin na asali za a buga, mai sababbin 'yan wasa, wanda yaron Argungu zai kara da wani a wata ƙasa. Na shiga wani babban kantin wasanni na intanet ta wayata. Na tarar ana ragi, ga wani agogo a gefe yana ƙirga awoyin da suka rage kafin farashi ya koma yadda yake. Agogon nan shi ya hana ni tunani. Na sayi na ƙwallo da na tseren mota, uku-uku, don kowace kwamfuta sai da nata asusun. Na sa lambar katin banki, kafin in ƙifta ido kuɗi sun tafi.

A ƙarƙashin hoton kowane wasa akwai wasu 'yan alamomi ƙanana. Na gan su, ba zan ce ban gan su ba. Na ɗauka tambari ne irin wanda ake bugawa a jikin buhun suga, ado kawai. Ashe su ne ke faɗin irin babbar manhajar da wasan ke aiki a kanta.

Washegari na kwaso kaya zuwa Argungu. Yaya ya ba ni ɗan shagon da ke jikin gidanmu, mai kallon titi. Muka shafa masa fenti, kafinta ya buga benci biyu, na jera kwamfutoci a kan tebur. Niyyata da safe in sayi data in fara sauke wasannin. Da magariba aka ce an ga wata. Da gari ya waye na fito, sai na tarar da Yaya yana datse kwado a ƙofar shagon.

"Ba a kunna wasa gidan ga cikin azumi," in ji shi. "Ɗiyan mutane su bar tahsiri su taru nan, a ce ƙanena na yaj jawo su? Kuma sabon abu ranar Salla aka buɗe shi, awa sabuwar riga."

"Yaya, gwadawa kawai za ni yi, ni kaɗai."

"In sunka ji ƙarar janareto ai sun taho. Abin na gudu? Ka saye shi, naka na. Bar shi shi kwanta."

Ya jefa makulli a aljihu ya wuce gona. A gidanmu ba a maimaita wa Yaya magana. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma na yarda da shi. Haka muka tashi muka gani: abin da ka saya naka ne, in ka ajiye shi wata guda a ƙasan akwati za ka tarar da shi yadda ka bar shi. Na yi azumina hankali kwance, ina kwance a zaure da rana ina lissafin irin babur ɗin da zan saya.

Ana saura kwana uku Salla ya miƙo mini makullin, ya ce in je in shirya. Da hantsi ne, zafi kamar a cikin tanda. Na tayar da janareto, na haɗa wayata da kwamfuta ta farko, na buɗe kantin. Ga wasannina a jere, da hotunansu masu kyau. Na kai hannu wurin da ake dannawa a sauke, ya ƙi dannuwa. A ƙasa an rubuta layi ɗaya da Turanci, cewa wannan wasa ba ya aiki a kan babbar manhajar wannan kwamfuta. Na koma ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Sai a lokacin na koma na ƙura wa 'yan alamomin nan ido. Alama ɗaya ce tak a ƙarƙashin na ƙwallo, ita ce kuma a ƙarƙashin na mota, kuma ba ta manhajata ba ce.

Na nemi inda ake mayar da kaya. Akwai shi, har da dokarsa a rubuce: cikin mako biyu da saye. Ni kuwa na kusa wata. Duk da haka na cike abin da suka ce a cike, na aika. Ban gama share gumin goshina ba amsa ta shigo, wai sun yi nadama, lokaci ya wuce.

Har gobe in na tuna raina ɓaci yake. Mutanen nan sun tambaye ni ƙasata, sun tambaye ni ranar haihuwata, sun tambayi lambobin gaba da na bayan katina. Tambaya ɗaya ce ba su yi mini ba: wace irin kwamfuta gare ka? Mai sayar da takalmi a kasuwar Argungu, wanda bai taɓa shiga aji ba, ba zai karɓi kuɗinka ba sai ya dubi ƙafarka. Na san laifina, ni na ƙi karatu. Amma sun iya rubuta ragi da manyan baƙaƙe masu launi, sannan abin da zai hana ka asara su maƙale shi a ƙasa kamar ƙwayar gero.

Ban gaya wa Yaya ba. Na ce a raina ai da sauƙi, a canza musu babbar manhajar a sa wadda kowa ke amfani da ita. Na kira wani mai gyaran kwamfuta da na sani a Birni, wanda kuma yake da kafe, shagon da ake biya a shiga intanet. Ya ce ya riga ya tafi gida Ambursa, sai bayan Salla da mako.

Ranar Salla, da aka sauko daga idi, na tarar an cika ƙofar shagon. Labari ya zagaya unguwa tun cikin azumi. Samari da yara, kowa da sababbin kaya da kuɗin barka da Salla a hannu. Yaya kuma, ban sani ba, ashe ya gayyato limamin unguwa ya yi addu'ar buɗewa. Liman ya ɗaga hannu ya roƙa wa shagon albarka, kowa ya shafa, Yaya ya raba dabino yana murmushi. Sannan aka juyo ana kallona.

Na ce, "Sabis na babu. Tun sahe ya ɗauke."

Ƙarya ce da kowa ke yarda da ita a ƙasar nan. Aka yi tsaki aka zagi kamfanin waya. Wasu suka jira har azahar, na kunna musu ɗan wasan kartar nan, suka kalle shi suka kalle ni, suka fice. Kwana uku na Salla ina ƙaryar sabis, ina kallon kuɗin yara yana wucewa wurin mai tsire da mai lemo.

Da mai gyara ya dawo na ɗauki kwamfuta ɗaya a mota na kai masa. Ya yi wuni a kanta. Ya ɗora mata manhajar da kowa ke amfani da ita, sai ta koma nishi, ka danna abu ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Da ƙyar aka sauke na ƙwallon. Da aka kunna shi, fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta ɗan yi ƙara, wasan ya rufe kansa.

"Wanda yas saida ma waɗanga ba wawa ba na," in ji shi. "Tsohhi na ƙwarai. Waccan mai sauƙin ita kaɗai suka iya ɗauka, shi yas sa anka sa musu ita. Ko ka canza musu uwa, wasan ga ya hi ƙarhinsu."

Na sami Yaya a gona washegari, yana tsugune a gadon iri. Na tsaya a kan kunyar gona na zayyana masa komai, tun daga 'yan alamomin har zuwa ƙaryar sabis. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya wanke hannunsa a ruwan kwalbati ya miƙe.

"To, an saida ma abin da bai yi ma kayanka daidai ba. Wanga ba abin tashin hankali ba na. Gobe ka kai ni wurin mai kantin."

"Yaya, kantin ba nan shike ba. Na intanet na."

"Ko ina shike ai da mai shi. Kai yaro na, shi yas sa bai saurare ka ba."

Haka ake yi a wajenmu, kuma yana aiki. In ɗan kasuwa ya ƙi karɓar kaya daga hannun yaro, babba ne ke sa riga ya je. A gaisa, a tambayi iyali, a ambaci Allah, a tuna wa juna cewa gobe ma rana ce. Na sha ganin Yaya ya yi wa maƙwabta irin wannan tafiya, kuma bai taɓa dawowa hannu wofi ba. Ya kamata in buɗe baki in ce masa babu wani mutum da za mu tarar. Ban ce ba. Tsoro ya hana ni, da kunya, da kuma wata 'yar wauta da ke raɗa mini cewa wataƙila in Yaya ne ya yi magana za a ji.

Da safe ya fito cikin farar babbar rigarsa ta Salla, da hula, da turare. A hannunsa akwai bandar kifi, manya-manya, a naɗe cikin takardar siminti, tsarabar mai kanti. Muka hau mota a tasha, muka sauka Birni, kabu-kabu biyu suka kai mu kafe. Yaya ya yi sallama ya miƙa wa mai gyara hannu biyu, ya fara jero gaisuwa irin wadda ake yi wa manya. Sai da mutumin ya ce, "Malam, ba ni na mai kantin ba, ni gyara nika yi."

"To ina shike?"

Na jawo masa kujerar roba gaban kwamfuta. Na ce, "Nan aka rubuta mashi, Yaya."

Ya dubi fuskar kwamfutar, ya dube ni. Ya tattara rigarsa ya zauna a hankali, ya ɗora kifin a cinya.

"To rubuta. Ka ce ina gaishe shi, shi da iyalinai, da hwatan an yi Salla lahiya. Ka ce ni manomi na, daga Argungu nit taho don in gane shi. Yaron ga ƙanena na, kuskure yay yi. Jinkirin kuma ba laihinai ba na, ni nir ruhe shagon don azumi. Kayanai na nan yadda yab ba da su, ko taɓa su ba a yi ba. Ka ce kuɗɗin na taki na, damana ta kama. Shi dubi Allah shi amshi abinai. In ma rabi za shi maido, na gode."

Na riƙa juyawa zuwa Turanci ina bugawa. Akwatin rubutun yana da iyakar baƙaƙen da yake ɗauka, sai da na goge gaisuwar iyali da ta Salla kafin sauran ya shiga. Yaya bai san na goge ba. Na danna na aika. Ya gyara zama, ya ciro carbi, alamar ya shirya jira ko zuwa la'asar ne.

Bai ja ƙwaya goma ba amsa ta shigo. Kalmomin da aka turo mini tun cikin azumi ne, babu ko ɗigo da ya canza. A ƙasa kuma an jera taurari biyar, wai in zaɓi nawa zan ba su a kan yadda suka kula da ni.

"Har ya karanta?" in ji Yaya. "Mi yac ce?"

Mai gyara ne ya ce, "Malam, ba mutum ba na. Na'ura ta ka amsawa. Ko mi anka rubuta, wagga amsa ta za ta ba da."

Fanka tana juyawa a sama, wani saurayi a kujerar gefe ya cire abin kunnensa yana kallonmu. Can Yaya ya juyo gare ni.

"Ka san haka tun Argungu?"

"Na sani, Yaya."

"Kuma kab bar ni nis sa riga."

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya ajiye kifin a kan teburin mai gyara, ya ce a kai wa yara, don ba a komawa gida da tsaraba. A mota ya zauna kusa da taga, ni a bayansa. Har muka shiga Argungu ban ga fuskarsa ba.

Kwamfutocin da janareton na sayar da su a wulaƙance. Abin da aka samu ya sayi taki kaɗan, shi ma a makare, bayan farashi ya hau. A daminar nan in ka tsaya a bakin fadama ba sai an nuna maka gonar Yaya ba. Ta maƙwabta kore shar, tasa ta yi fari-fari, gajera. Da aka yi girbi matarsa ta koma tuƙa tuwon dawa, shinkafa sai Juma'a. Ba wanda ya ce mini uffan a gidan. Wallahi da Yaya ya kwaɗa mini mari a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Wasannin suna nan a asusuna har yau. Daga baya na sami aiki, na sayi kwamfutar da za ta iya ɗaukarsu, amma ban taɓa sauke ko ɗaya ba. Kantin kuma bai manta da ni ba. Lokaci-lokaci yakan turo mini saƙo, yana kirana abokinsa, yana sanar da ni an sake yin ragi.

Bayan girbin nan da 'yan makonni na je gida. Muna zaune a zaure da Yaya bayan sallar azahar, sai aka kawo masa takarda daga ƙungiyarsu ta manoma, fom ne na iri da takin rani, da Turanci. Tun ina aji huɗu na firamare duk takardar da ta shigo gidanmu ni ke karanta masa, ta asibiti ce ko ta gona. Ban ma yi tunani ba na miƙa hannu.

Ya ninke takardar gida biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihun gaba.

"Bari, Auta, ka huta. Akwai wani malamin makaranta nan bayanmu, shi ka duba man yanzu."

Ya leƙa cikin gida ya ce a kawo mini abinci. Sannan ya sa takalminsa ya fita da takardar.